Kiristanci da siyasar 'soke mutum' a Yammacin duniya: wa ke kora, wa ake kora?

A watan Maris na 2019, gidan wasan kwaikwayo na Curve da ke birnin Leicester a Ingila ya sanar da sunayen waɗanda za su fito a wasan The Color Purple. Babbar rawar, wato ta Celie, ta faɗa hannun Seyi Omooba, matashiyar 'yar wasa mai tsatson Nijeriya, ɗiyar wani fasto. Ba a jima da sanarwar ba wani ɗan wasa ya tono rubutun da ta yi a Facebook tun 2014, inda ta ce ba ta yarda ana haihuwar mutum da ɗabi'ar neman jinsi ba, kuma a fahimtarta ta Littafi Mai Tsarki aikata hakan ba daidai ba ne. Celie kuwa, a cikin labarin, mace ce da ta kamu da son wata mace. Cikin kimanin mako guda aka karɓe rawar, kamfanin da ke nema mata aiki shi ma ya yanke hulɗa da ita.

Shekara uku da 'yan watanni kafin wannan, a wancan ɓangaren na Tekun Atlantika, wata Kirista ta gamu da irin wannan ƙaddara. Larycia Hawkins malamar kimiyyar siyasa ce a Kwalejin Wheaton ta Jihar Illinois a Amurka, makarantar 'yan Ibanjelika da ta yaye shahararren mai wa'azin nan Billy Graham. A watan Disamba na 2015, bayan harin San Bernardino da kiran da Donald Trump ya yi na a hana Musulmi shiga Amurka, sai ta ɗaura hijabi ta ɗora hoton a Facebook. Ta ce tana nuna goyon baya ne ga maƙwabtanta Musulmi, ta ƙara da cewa Musulmi da Kirista Allah ɗaya suke bauta wa. Kwana biyar bayan haka kwalejin ta dakatar da ita. Hukumar makarantar ta ce hijabin bai dame ta ba, maganar Allah ɗaya ce take ganin ta yi karo da aƙidar da kowane malami ke sa wa hannu. A watan Fabrairu na 2016 aka raba gari, duk da cewa babban jami'in da ya fara shirin korar ya nemi afuwarta.

Mata biyu ke nan, baƙaƙen fata, Kiristoci, kowace ta rasa aikinta saboda 'yan layukan da ta rubuta a Facebook a kan abin da ta yi imani da shi. Ta farko gidan wasa mai sassaucin ra'ayi ne ya kore ta, ta biyu kuma 'yan'uwanta masu riƙo da addini. Amma idan ka saurari 'yan siyasar da ke kuka da abin da Turawa ke kira al'adar soke mutum, da wuya ka ji wanda ya ambaci matan biyu a zama ɗaya. Kowane ɓangare yana da jerin shahidansa, kuma ba ya leƙa jerin abokin hamayya.

Asalin kalmar

Abin da ake nufi da soke mutum ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin yana da kalmominsa: a yi wa mutum ca, a yi masa taron dangi, a mayar da shi saniyar ware. Abin da ya ƙaru a wannan zamani shi ne intanet ba ta mantuwa, kuma taron da ke yi maka hukunci bai san ka ba. Mutum ya faɗi magana, ko a tono wadda ya faɗa shekaru goma baya, dubbai su yi masa rubdugu a shafukan sada zumunta, sannan a juya kan mai gidansa a wurin aiki, ko kamfanin da ke tallata kayansa, ko jami'ar da ta gayyace shi, har sai an rabu da shi.

Kalmar ta fara yaɗuwa ne a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka masu amfani da Twitter, tun ana yin ta cikin raha. Ta yi nauyi daga 2017, lokacin da mata suka riƙa fallasa manyan mutanen da suka ci zarafinsu, irin su mai shirya finafinai Harvey Weinstein. A idon masu goyon bayanta, hanya ce da marasa ƙarfi suka samu ta hukunta wanda kotu da hukuma suka kasa taɓawa. Zuwa 2020 kuwa ta riga ta zama makamin yaƙin neman zaɓe. A watan Yuli na shekarar, marubuta da masana 153, cikinsu har da Noam Chomsky da Salman Rushdie da J.K. Rowling, suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar Harper's suna gargaɗin cewa fagen muhawara yana ƙuntata. A wannan watan ne Trump ya tsaya a gaban Dutsen Rushmore ya kira al'adar makamin 'yan kama-karya. Ko Fafaroma Francis, wanda masu ra'ayin riƙau ke yi wa kallon mai sassauci, ya yi Allah wadai da ita a jawabinsa ga jakadun ƙasashe a Fadar Vatican cikin Janairun 2022, yana mai cewa tana neman tilasta wa duniya tunani iri ɗaya, tana kuma sake rubuta tarihi da ma'aunin yau.

Abin da ya sa Kiristoci suka tsargu

Kukan da Kiristoci masu riƙo ke yi yana da tushe, kuma alƙaluma sun nuna daga inda fargabar ta fito. A ƙidayar 2001, kusan kashi 72 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kiristoci ne. A 2011 adadin ya sauka zuwa kashi 59, a 2021 kuma ya koma kashi 46, karo na farko da ya gaza rabi. A Amurka, cibiyar bincike ta Pew ta samu kashi 78 a 2007, amma a bincikenta na 2023 zuwa 2024 kashi 62 ta samu. Addinin da ya shafe ƙarnoni yana tsara dokar aure da ranar hutu da manhajar makaranta ya wayi gari yana neman a ba shi kujera a cikin jerin ra'ayoyi.

Saurin sauyin ma ya fi adadin girgiza mutane. A 2008 Barack Obama, yana takarar shugaban ƙasa, ya ce aure tsakanin namiji da mace ne. A shekarar ce masu zaɓe a California, jihar da ake yi wa kirari da sassauci, suka amince da dokar hana auren jinsi da kashi 52 cikin ɗari. Wani masanin kwamfuta mai suna Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiro harshen JavaScript, ya ba da gudummawar dala 1,000 ga masu fafutukar wannan doka. Shekara shida bayan nan aka naɗa shi shugaban kamfanin Mozilla, aka tono gudummawar, bai cika mako biyu a kujerar ba ya ajiye aiki. Ra'ayin da ɗan takarar jam'iyyar Democrat ya shiga fadar White House da shi ya zama, cikin shekara shida, abin da ke raba mutum da muƙaminsa. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi a faɗin ƙasar.

A Birtaniya, Tim Farron ya sauka daga shugabancin jam'iyyar Liberal Democrats a 2017, bayan 'yan jarida sun shafe yaƙin zaɓe suna tambayarsa ko yana ganin luwaɗi zunubi ne. Ya ce ya kasa haɗa shugabancin jam'iyyar da zama Kirista na gaskiya. A Sikotland, Kate Forbes ta nemi shugabancin jam'iyyar SNP a 2023, ta faɗi ƙarara cewa da tana majalisa a 2014 da ba ta zaɓi dokar auren jinsi ba. Wasu manyan magoya bayanta suka janye nan take. Sai dai a nan ya kamata a yi hattara da kalmar sokewa: Forbes ta samu kusan kashi 48 a zagayen ƙarshe, Humza Yousaf ya kayar da ita da ƙyar, kuma a watan Mayun 2024 ta zama mataimakiyar shugabar gwamnatin Sikotland. Wanda ya nemi ƙuri'a ya ba mai zaɓe damar tambayarsa ra'ayinsa, faɗuwa zaɓe kuma ba zalunci ba ne.

Abin da kotuna suka ce

Hayaniyar shafukan sada zumunta ba ta bambance tsakanin shari'a da shari'a, alƙalai ne suka yi wannan aiki, kuma hukunce-hukuncensu sun fi jawaban 'yan siyasa ilimantarwa.

Felix Ngole, haifaffen Kamaru, yana karatun digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a a Jami'ar Sheffield lokacin da ya shiga wata muhawara a Facebook a 2015, yana kare matsayin Littafi Mai Tsarki a kan auren jinsi. Jami'ar ta cire shi daga kwas ɗin a 2016. Ya sha kaye a Babbar Kotu, amma a watan Yulin 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba shi gaskiya. Alƙalan suka ce jami'ar ta cakuɗa abu biyu, wato bayyana aƙidar addini da nuna wa mutane wariya, alhali babu shaidar cewa ya taɓa nuna wa kowa wariya. Suka ƙara da cewa ta yi gaggawar zartar da hukunci mafi tsanani ba tare da gwada nasiha ko gargaɗi ba.

Kristie Higgs ma'aikaciya ce a wata makarantar sakandare a yankin Gloucestershire. A 2018 ta yaɗa wasu rubuce-rubuce masu zafi a shafinta na Facebook, da sunanta na gidan iyaye, a kan yadda ake koyar da ilimin jinsi a makarantar firamaren ɗanta. Wani daga cikin iyayen ɗalibai ya kai ƙara, aka kore ta a farkon 2019. Sai a watan Fabrairun 2025, bayan shekara shida tana zarya a kotuna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce korar ta wuce kima: kalaman ba su da daɗin ji, amma ba ta taɓa kawo su wurin aiki ba, tsoron zubewar sunan makaranta kawai kuma bai isa hujja ba.

Omooba ita ba ta yi nasara ba, kuma dalilin yana da muhimmanci. A gaban kotun ma'aikata a 2021 ya bayyana cewa ba ta karanta rubutun wasan ba kafin ta karɓi rawar, kuma da ta gane yadda za a nuna soyayyar Celie da ta janye da kanta. An kuma yi mata tayin biyan ta cikakken kuɗin aikin ta ƙi karɓa. Kotu ta yi watsi da ƙararta, ta ɗora mata kuɗin shari'a fiye da fam 300,000. Wannan bai wanke waɗanda suka yi mata taron dangi ba, amma ya nuna cewa ba kowane korarre ne aka kora saboda imaninsa kaɗai ba.

Shari'ar da ta fi ban tsoro ita ce ta ƙasar Finland, domin a can gwamnati ce da kanta ta shiga. Päivi Räsänen likita ce, 'yar majalisa, wadda ta riƙe ministar cikin gida daga 2011 zuwa 2015. A 2019 ta yi rubutu a Twitter tana tuhumar shugabannin cocinta na Lutheran a kan ɗaukar nauyin bikin masu neman jinsi a Helsinki, ta haɗa da hoton ayoyi daga wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa. Aka gurfanar da ita da laifin tunzura ƙiyayya ga wani rukunin jama'a, a kan wannan rubutu da kuma wani ɗan littafi da ta wallafa tun 2004. Kotun farko ta wanke ta a 2022, ta ɗaukaka ƙara ta sake wanke ta a 2023, amma mai gabatar da ƙara bai haƙura ba, ya kai maganar Kotun Ƙoli. Shekarun da ta shafe tana amsa tambayoyin 'yan sanda da lauyoyi horo ne mai zaman kansa, ko da me aka yanke a ƙarshe.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya zai gane bakin zaren nan da sauri, don kuwa a kansa aikinsa ya ginu. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi a ba ma'aikaci takardar tuhuma, ya mayar da amsa a rubuce, a duba girman laifi kafin a zaɓi hukunci, kuma Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi haƙƙin a saurare shi, kamar yadda Sashe na 38 da na 39 suka kare 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki. Abin da Ngole da Higgs suka samu a kotu bai wuce wannan ba: a saurare ka, kuma a auna hukunci da laifi. Mai riƙe da muƙamin siyasa shi ba shi da wannan laima. A watan Yunin 2019 Shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan ya naɗa ɗan jarida Festus Adedayo mai ba shi shawara kan yaɗa labarai, magoya bayan gwamnati suka tono tsoffin rubuce-rubucensa na sukar Shugaba Buhari, cikin 'yan kwanaki aka janye naɗin. 

Coci ma ya daɗe yana soke mutane

Inda hujjar masu ra'ayin riƙau take da rauni shi ne tarihi. Ƙauracewa da kora ba masu sassaucin ra'ayi ne suka ƙirƙiro su ba. Cocin Katolika ya riƙe jerin littattafan da aka haramta wa mabiya karantawa daga 1559 har zuwa 1966, kuma ayyukan Galileo da Descartes da Voltaire duk sun shiga ciki. A shekarun 1930 bishop-bishop na Amurka suka kafa wata ƙungiya mai tantance finafinai, mabiya suna yin alkawari a coci cewa ba za su kalli wanda aka haramta ba, kamfanonin Hollywood kuma suna yanke finafinansu don tsoron hukuncinta. A 1966, da John Lennon ya ce ƙungiyarsu ta Beatles ta fi Yesu farin jini, gidajen rediyo a kudancin Amurka suka daina sa waƙoƙinsu, aka tara faya-fayensu aka cinna musu wuta, har sai da ya fito ya ba da haƙuri. A 1997 babban taron 'yan Baftis na Kudu, ɗarikar Furotesta mafi girma a Amurka, ya zartar da ƙudurin ƙaurace wa kamfanin Disney, ba a ɗage shi ba sai 2005.

Kuma sau da yawa ɗan gida ne sandar ke sauka a kansa. A watan Maris na 2014, reshen Amurka na ƙungiyar agaji ta World Vision ya sanar cewa zai riƙa ɗaukar Kiristoci masu auren jinsi aiki. Dubban masu ba da tallafi suka janye kuɗin da suke biya wa yara matalauta a ƙasashe masu tasowa, cikin kwana biyu ƙungiyar ta lashe amanta. Ko me mutum ke gani game da matakin farko, yaran da aka yanke wa tallafi ba su san abin da ake rigima a kansa ba. Beth Moore, wadda miliyoyin mata 'yan Ibanjelika suka yi nazarin Littafi Mai Tsarki da littattafanta, ta soki goyon bayan da malaman addini suka ba Trump bayan fitowar faifan da yake fahariya da taɓa mata a 2016. Ta sha zagi na tsawon shekaru daga 'yan ɗarikarta, a 2021 ta fice daga Baftis na Kudu.

Kora da ƙofar dawowa

Duk da haka, masana tauhidin Kirista da ke cewa akwai bambanci tsakanin horon coci da rubdugun intanet suna da abin kamawa. A babi na 18 na Bisharar Matiyu, an tsara matakan da za a bi da ɗan'uwan da ya yi laifi: a fara samun sa a keɓe, in ya ƙi ji a je da mutum ɗaya ko biyu, in ya sake ƙi a kai maganar gaban jama'ar ikilisiya, sannan ne za a ware shi. Manzo Bulus ya umarci ikilisiyar Korinti ta fitar da wani mai aikata alfasha, amma a wasiƙarsa ta biyu ya roƙe su su yafe wa wanda suka hukunta, su ƙarfafa masa gwiwa kada baƙin ciki ya halaka shi. Wato hukuncin yana farawa a asirce, waɗanda suka san mai laifin ne ke yin sa, kuma manufarsa a dawo da shi. Rubdugun intanet a bainar jama'a yake farawa, baƙi ne ke yin sa, neman afuwa kuma yakan ƙara masa wuta ne kawai.

A Afirka aka yi wani gwaji mai tsanani na wannan tambaya. A shekara ta 303 Sarkin Rum Diocletian ya umarci Kiristoci su miƙa littattafansu masu tsarki a ƙona, wasu limamai suka miƙa don tsira da rayukansu. Da tsanantawar ta wuce, sai cocin Arewacin Afirka ya rabu biyu. Mabiyan Donatus na Carthage, kusa da birnin Tunis na yau, suka ce wanda ya miƙa littafi ya zubar da limancinsa, duk baftismar da ya yi ko naɗin da ya yi ba su inganta ba. Rigimar ta kai ƙarni guda. Augustine, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, ya tsaya a kan cewa coci taron masu zunubi ne da ke neman gafara, kuma tuba tana mayar da mutum matsayinsa. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye a taron Carthage na 411. Sai dai wannan Augustine ɗin, mai wa'azin yafiya, shi ne ya amince hukumar Rum ta yi amfani da tara da ƙwace dukiya don tilasta wa 'yan Donatus su dawo. Tun daga wancan lokaci aka san cewa koyarwar gafara takan yi rauni idan mai ita ya samu mulki.

Cocin Nijeriya ma yana cikin wannan taƙaddama, kuma ba a matsayin ɗan kallo ba. Tun da Cocin Episcopal na Amurka ya naɗa Gene Robinson, mai zaune da namiji ɗan'uwansa, bishop a 2003, Cocin Angilika na Nijeriya ƙarƙashin Peter Akinola ya yanke zumunci da shi. A 2005 ya cire ambaton kujerar Canterbury daga tsarin mulkinsa, a 2008 ya shiga sahun waɗanda suka kafa ƙungiyar GAFCON a Urushalima, kuma bishop-bishop na Nijeriya da Uganda da Ruwanda ba su halarci taron Lambeth na 2022 ba. Bayan Cocin Ingila ya amince da yi wa masu auren jinsi addu'ar albarka a Fabrairun 2023, taron GAFCON na Kigali ya ce ya daina amincewa da jagorancin Archbishop na Canterbury. Masu sassauci a Landan suna ganin 'yan Afirka ne suka ƙaurace musu. A Abuja da Kampala kuwa cewa ake yi Turawan ne suka fice daga koyarwar da su da kansu suka kawo. Kowa na ganin shi aka soke.

Da sanda ta koma ɗaya hannun

Shekarar 2025 ta gwada gaskiyar kowa. A watan Fabrairu, Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin kafa kwamitin kawar da ƙyamar Kiristoci a hukumomin gwamnatin tarayya. A watan ne Mataimakinsa JD Vance, wanda ɗan Katolika ne, ya tsaya a taron tsaro na Munich ya ce barazanar da ta fi damun sa game da Turai daga cikin gida take, wato ja da baya daga 'yancin magana. Ya ba da misalin Adam Smith-Connor, tsohon soja da kotu ta samu da laifi a 2024 bayan ya yi addu'a a zuci kusa da wani asibitin zubar da ciki a Bournemouth, a cikin yankin da aka hana zanga-zanga, ya kuma ƙi tashi da aka nemi ya bar wurin. Misali ne mai ƙarfi, ko waɗanda ba sa ƙaunar Vance sun ji nauyinsa.

Amma makonni uku kafin jawabin, Bishop Mariann Budde ta hau mumbarin babban cocin Washington kashegarin rantsar da Trump, ta roƙe shi ya ji tausayin baƙin haure da yara masu neman jinsi da ke cikin fargaba. Shugaban ya ce ta nemi afuwa, wani ɗan majalisa daga Jihar Georgia kuma ya ce a sa sunanta a jerin waɗanda za a kora daga ƙasar, alhali haifaffiyar Amurka ce. Babu wanda ya ambace ta a Munich.

Sai kuma ranar 10 ga Satumba, da aka harbe Charlie Kirk yana muhawara da ɗalibai a wata jami'a a Jihar Utah. Kirk, mai shekara 31, ɗan Ibanjelika ne da ya gina sunansa a kan zuwa jami'o'i yana ƙalubalantar masu neman rufe masa baki. Wasu suka yi murna da kisan a shafukansu, abin da babu mai hankalin da zai kare, wasu kuma sukar ra'ayoyinsa kawai suka yi. Kwana biyar bayan kisan, Vance ya gabatar da shirin rediyon mamacin daga ofishinsa, ya shawarci masu sauraro su fallasa masu murnar, su kuma kira masu gidansu a wurin aiki. Ɗaruruwan mutane, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na kamfanonin jiragen sama, aka kora ko aka dakatar. Tashar ABC ta dakatar da shirin Jimmy Kimmel bayan shugaban hukumar sadarwa ta ƙasa ya yi barazana, matakin da hatta Sanata Ted Cruz na jam'iyyar Republican ya kwatanta da salon 'yan mafiya. Da aka tambayi masu goyon bayan korar, sai suka ce wannan ɗaukar alhakin abin da mutum ya faɗa ne, amsar da masu sassaucin ra'ayi suka riƙa ba su kalma da kalma shekara biyar kafin wannan lokaci.

Ranar 21 ga Satumba aka yi taron tunawa da Kirk a wani filin wasa da ke Glendale a Jihar Arizona, dubun dubatar mutane suka hallara ana waƙoƙin yabo. Matarsa Erika ta hau mumbari tana hawaye, ta ce ta yafe wa saurayin da ake zargi da kashe mijinta, domin abin da Almasihu ya yi ke nan a kan gicciye. Filin ya miƙe tsaye. Bayan ta sauka Trump ya karɓi lasifika, ya ce Kirk ba ya ƙin abokan hamayyarsa, alheri yake so musu, kuma a nan ne suka sha bamban, domin shi yana ƙin nasa abokan hamayyar, ba ya yi musu fatan alheri. Ya ce wa Erika ta yi haƙuri. Jama'a suka yi dariya.